Tseren da ba ya cika sakan huɗu, kallon da ke cin wuni

Motoci biyu ake jerawa kafaɗa da kafaɗa a bakin wani miƙaƙƙen titi. Babu kwana, babu zagaye, babu shan gaban juna. Fitila na kamawa su fizga, wanda ya riga taka layin ƙarshe shi ya ci, ɗayan kuma ya tattara kayansa. A aji mafi ƙarfi na wannan tseren motoci da ake ce wa drag racing a Amurka, wanda ake kira Top Fuel, tsawon titin ƙafa 1,000 ne, wato mita 305, kuma mota kan cinye shi a kusan sakan 3.7, ta isa ƙarshe da gudun da ya haura kilomita 530 a awa. In aka haɗa duk gudun da zakaran ranar Lahadi ya yi tun daga zagayen farko har na huɗu, da ƙyar zai kai sakan 16. Duk da haka dubban mutane kan sayi tikitin kwana uku, su zauna cikin rana tun hantsi har almuru a Gainesville ta jihar Filorida, ko Pomona ta Kalifoniya, ko kusa da Indiyanapolis inda ake yin babbar gasar shekara tun 1961.

Wanda ya gani a talabijin kaɗai yana da hujjar cewa wannan ɓata kuɗi ne, domin a allo abin da ake gani bai wuce dogayen motoci biyu sun wuce fuu ba, sai lambobi su fito. Ni dai a ganina talabijin ce ta gaza. Abubuwa biyu ne ke kai mutum filin, kuma kyamara ba ta iya ɗauko ko ɗaya: abin da injin ke yi wa jikin mai kallo, da kuma aikin da ake yi tsakanin gudu da gudu, wanda a nan ne ake cin gasar ko a faɗi.

Ƙarar motar Top Fuel a lokacin tashi takan kai desibel 150 ga wanda ke kusa. Kunne ba shi ke fara karɓarta ba, ƙirji ne. Bencin da kake zaune yana rawa, haƙora na kaɗawa, abin da ke gabanka yana ɗan dishi-dishi don ƙwayar idon ma girgiza take. Baƙon da ya zo karon farko yakan zabura ko da an gargaɗe shi, kuma waɗanda suka shekara talatin suna zuwa ba sa wasa da abin toshe kunne. Duk wanda zai kai yaro wurin ba tare da ya rufe masa kunne da kyau ba ya zalunce shi, domin jin da ya lalace ba ya dawowa.

Tushen wannan ƙara man da injin ke sha ne. Ba fetur ba ne, wani sinadari ne mai suna naitiromitan, masu harkar suna ce masa naitiro, kuma dokar hukumar NHRA mai shirya gasar ta ce kada ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da ke tanki, sauran a cika da mitanol. Abin mamaki shi ne kilo guda na naitiro bai kai kilo guda na fetur ƙarfi ba, bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sirrinsa yana wani wuri. Kowane inji, iskar da silinda za ta iya ɗauka ita ke iyakance man da zai ƙone. Fetur na buƙatar iska kilo 14.7 kafin kilo guda ya ƙone sarai. Naitiro kuwa yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, saboda haka kilo 1.7 na iska ya ishe shi. Ke nan da iska iri ɗaya, ana iya ƙona naitiro ninki takwas na fetur. A ɗora wa injin na'urar ɗura iska a kansa, a ba kowace silinda fulogi biyu, sai inji mai silinda 8 da girman lita 8.2 ya ba da ƙarfin doki kusan 11,000. Motar Formula 1 tana wajen 1,000 ne. Man yana kwarara da yawan da silinda ke gab da cika da ruwa, wanda bai samu ƙonewa a ciki ba ya kama da wuta a bakin bututun hayaƙi. Shi ya sa 'yan kallo ke rububin zaman daren Juma'a: harsunan wuta farare suna tashi gefe da gefe sun fi direban tsawo, ga iska ta yi sanyi, titi ya huce, lokacin da ake yawan kafa tarihi.

Sai dai ƙarfin ba shi ne gasar ba, kuma nan ne baƙo ya fi ruɗewa. Kusan duk manyan ƙungiyoyin suna da ƙarfin da ya fi abin da titi zai iya ɗauka. In aka sakar wa tayoyin baya dukkan dawakin nan a lokaci guda, juyawa kawai za su yi a wuri ɗaya suna hayaƙi. Tambayar da shugaban makanikai ke kwana da ita ita ce: nawa titin nan zai karɓa, a wannan layin, a wannan zafin, a wannan mintin? Motar ba ta da giya. Abin da ke tsakanin inji da taya kuloci ne mai faifai da yawa, an saita shi ya riƙa kamawa kaɗan-kaɗan bisa agogo, yana sulɓi da gangan a farko har ya kulle gaba ɗaya a tsakiyar hanya. Kafin kowane gudu za ka ga mutane sun fito bakin layi suna auna zafin kwalta, suna murza takalmi a ƙasa don jin yadda yake kamawa, wani ma da na'urar gwada danƙo. Suna duba laimar iska da nauyinta, domin iskar tudu ba ɗaya take da ta bakin teku ba. Filin Bandimere da ke gindin duwatsun Kolorado, sama da mita 1,700 daga teku, ya shahara da tilasta wa kowa sauya lissafinsa. Daga nan shugaban ya yanke shawara. In ya ji tsoro ya rage, abokin karawa ya wuce shi. In ya yi haɗama, taya ta sulɓe. Tazarar da ke tsakanin biyun siririya ce ƙwarai, kuma da zarar mota ta tashi ba shi da ikon gyara komai, doka ta hana kwamfuta sarrafa motar a kan hanya.

Titin kansa ba irin wanda muka sani ba ne. Ana fesa masa wani ruwan danƙo, a ja tsofaffin tayoyi a kai har roba ta kwanta. A wasu wuraren akan bar 'yan kallo su taka shi da safiyar Lahadi kafin a fara, kuma ba abin mamaki ba ne takalmi ya maƙale mai shi ya yi gaba da safa.

Mu tsaya a bakin layi mu ga gudu ɗaya. Ana turo motar, doguwa siririya, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 7.6, direba a gaban inji, babban fiffike a can sama ta baya. A tada ta da sitata ta waje, a cire. Direba ya bi ta cikin ɗan ruwan da aka zuba, ya taka totur, tayoyin baya su juya su miƙe tsaye, farin hayaƙi ya turnuƙe. Ba burga ba ce: yana ɗumama tayar, yana share ta, yana kuma shimfiɗa sabuwar roba a inda zai tashi. Sai ya dawo da baya, wani na gabansa yana yi masa nuni da hannu don ya koma kan sawunsa daidai, tun da ba ya ganin baya. Makanikai su kewaye motar, wani ya goge tayar da safar hannu, shugaban ya sunkuya ya murɗa wani ɗan sukuru a kan inji, ya ɗaga hannu ya ja baya. Daga nan direba ne shi kaɗai. Ya buɗe mai gaba ɗaya, muryar injin ta yi nauyi, ya riƙe birkin hannu yana matsowa inci-inci har tayar gaba ta katse hasken farko da ke gitta bakin layi, sannan na biyu mai tazarar kusan inci 7. Filin kan yi wani irin tsit duk da rugugin, kowa yatsa a kunne. Mai kallon dambe ya san wannan yanayi: kewaye-kewayen da auna juna su ne rabin wasan, kisan kuwa ƙiftawar ido ne.

Sandar fitilun da ke tsakanin layukan biyu ana ce mata bishiyar Kirsimeti, an fara amfani da ita a 1963 a madadin mutum mai ɗaga tuta. A ajin ƙwararru fitilu uku masu ruwan ɗorawa ne ke kamawa tare, bayan sakan 0.4 koriya ta biyo. Direban da ya jira ya ga koriya ya makara. Ruwan ɗorawar yake bi, don kafin ƙafa ta taka, mota ta motsa, lokacin ya cika. In ya riga koriya ko da da sakan 0.001 ne, ja ta kama, ya faɗi nan take. Ga kuma wani abu da ke sa baƙo ya ɗauka an yi maguɗi: agogon kowace mota ba ya fara ƙirga sai ta bar layi. Saboda haka allo na iya nuna wannan ya yi 3.75, wancan 3.72, amma fitilar nasara ta kama a gefen mai 3.75, don ya riga tashi da tazarar da ta fi abin da aka fi shi gudu. A gudun kilomita 530 a awa mota na cin mita 147 a sakan guda, ke nan sakan 0.001 bai fi santimita 15 ba, kuma akan yi gasar da hakan ke rabawa. Ido ba ya gani, sai fitila.

Wanda ya fahimci wannan sai ya fara karanta abin da da yake ɗauka hargitsi ne. Farin feshi daga bututu ɗaya yana nufin silinda ta mutu tana zubar da ɗanyen mai, kuma motar za ta karkata, domin hayaƙin kowane gefe yana tura ta da ƙarfin gaske. Mota ta yi wata irin kakkarwa a farkon hanya, tayar ce ta naɗe tana dukan ƙasa, girgizar da kan sa direba ya daina gani. In hayaƙi ya tashi daga tayoyin duka motocin biyu, to ga abin da 'yan kallo suka fi so: kowane direba yana ɗaga ƙafa yana sake takawa, yana lallaɓar taya ta kama, kuma mai natsuwa ne ke ci, ko da a sakan 5 ko 6. A irin wannan gudun ne ake gane direba na gaske.

Sai babban abin da ya bambanta wannan gasa da sauran. A Formula 1 shiga inda ake gyaran motoci sai mai alfarma ko mai kuɗi. A NHRA kowane tikiti izinin shiga ne. Ana gama gudu za ka ga benci ya watse, jama'a sun bi motocin zuwa inda tirelolin ƙungiyoyi suke jere, kowace da rumfa a gefenta, igiya ɗaya ce tsakaninka da makanikai. Injin da ya yi gudu bai fi juyi 500 yana ɗauke da cikakken nauyi ba, amma ya jigata: bakin fulogi ya cinye, faifan kuloci sun yi zafin da sai da safar hannu mai kauri ake taɓa su. Ba shi da lagireto, man da ke kwarara ne ke sanyaya shi. Saboda haka bayan kowane gudu sai a warware shi har gindi. Mutum bakwai ko takwas, kowa da gurbinsa: biyu a kan silinda dama da hagu, ɗaya kwance a ƙasa yana kwance fistin da sandunansu, ɗaya a kan kuloci, wani a na'urar ɗura iska, wani a taya. Kusan ba sa magana. Hannu na miƙa sifana, wani hannun ya karɓa ba tare da an ɗaga kai ba. Direban kuma sau da yawa yana gefe yana naɗe lemar birkinsa, wadda ke buɗewa ta rage wa motar gudu bayan layin ƙarshe, da kansa, ya juyo ya sa wa yara hannu a hoto. Lokacin da aka saba ba su tsakanin zagaye minti 75 ne, in ana haska gasar kai tsaye a talabijin ma bai kai haka ba.

In sun gama sai gwaji. A ɗage bayan motar a kan jak, a tada ta da mitanol, muryarta sumul. Da an juya ta kan naitiro sai ta koma tsattsagewa, ƙasa ta ɗauki rawa, wani hayaƙi mai ɗan rawaya ya cika rumfar. Makanikan sun sa abin rufe fuska; 'yan kallo ba su sa ba. Ido ya cika da hawaye, hanci da maƙogwaro su ɗauki raɗaɗi, wasu su gudu, wasu kuma su ƙara matsowa suna dariya suna share fuska da riga. Duk makanikin da ya taɓa sauke inji ya kwana biyu a kansa, in ya tsaya a bakin igiyar nan ya ga an yi hakan cikin minti 40, shi zai fi kowa sanin abin da ya gani.

Kada a ɓoye, akwai gajiya a cikin wunin. Inji na iya fashewa ya malale titi da baƙin mai, a tsaya rabin awa ko fiye ma'aikata na gogewa. Yayyafi kaɗan ya isa a dakatar da komai, domin tayoyin ba su da zane. Ana cike tsakani da wasu azuzuwan: Funny Car mai inji iri ɗaya amma a gaban direba, da bodi mai kama da motar gida, Pro Stock mai shan fetur, mai yin mita 402 a wajen sakan 6.5, babura, da ɗaruruwan masu yin tseren don sha'awa da suka jawo motocinsu daga gida. Juma'a da Asabar na neman gurbi ne, 16 mafi sauri su shiga Lahadi, na 1 ya kara da na 16, wanda ya faɗi ya fita. Ba a tara maki a cikin gudu, ba a gyara kuskure a zagaye na gaba.

Kusancin nan da ke jan mutane shi ne kuma inda haɗarin yake, kuma tarihin gasar kusan tarihin darussa masu ɗaci ne. Wally Parks ya kafa NHRA a 1951 ne don janye samarin Kalifoniya daga tsere a titunan gari zuwa fili mai doka. A 1970, lokacin da ake sa wa wasu motocin giya, giyar motar Don Garlits ta fashe a filin Lions da ke kusa da Long Beach, ta raba motar biyu, ta tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. A gadon asibiti ya tsara motar da injinta ke bayan direba, ya ci gasar Pomona da ita a 1971, kowa ya bi sahu. A 1992 Kenny Bernstein ya fara haura mil 300 a awa, alhali filayen da yawa an gina su ne tun motoci ba su kusa da haka ba, kuma wurin tsayawa bayan layi bai ƙaru ba. A watan Yunin 2008 motar Scott Kalitta ta kama da wuta a Englishtown ta jihar Niyu Jazi, lemarsa ta lalace, ya wuce ƙarshen titi ya rasu. Bayan 'yan makonni hukumar ta rage tsawon gudun motocin naitiro daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000.

Har yau akwai tsofaffin 'yan kallo da ba su yafe wannan ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce: rubu'in mil shi ne ma'aunin da aka san wasan da shi, an yanke alaƙar tarihin da da na yanzu, kuma an rage damar wanda aka bari a baya ya kamo. Amma ni ina tare da hukumar. Ƙafa 320 da aka cire sun koma wurin tsayawa, kuma a wannan yankin na ƙarshe ne injuna suka fi fashewa. Gudun ma bai ragu ba: Brittany Force ta yi sakan 3.623 a 2019, a 2025 kuma ta haura mil 340 a awa, gudun da ba a taɓa yi ba a zamanin dogon titi. Mahaifinta John Force, mai kambun Funny Car 16, ya yi mummunan haɗari a Bajiniya a 2024 yana da shekara 75, ya ji rauni a ƙwaƙwalwa amma ya rayu. Ɗan kallon da ke neman a mayar da tsohon tsawon, jin daɗinsa yake nema da ran wani.

Shi ma ɗan kallo ba a ba shi tabbacin tsira ba. A 2010 taya ta ɓalle daga wata mota a filin kusa da Finiks ta kashe wata mata. Amma a kwatanta da abin da ya faru a garin Selmer na Tenesi a 2007, inda aka bar motar tsere ta yi wasan hayaƙin taya a titin gari, jama'a na tsaye gefe babu shinge, ta ƙwace ta kashe mutum shida. Bambancin fili da titi ke nan: katangar kankare, tazara, motar kashe gobara da likita a shirye. Duk wanda ya ga yadda samari ke wasa da mota a bukukuwa da ranakun Sallah a garuruwanmu, yara sun yi da'ira ba abin da ya raba su da taya, ya san wanne daga cikin biyun muke da shi.

Wani abin da mai zuwa filin zai lura da shi, mata da maza layi ɗaya suke hawa, ba a ware musu aji ba. Shirley Muldowney ta ci kambun Top Fuel a 1977, 1980 da 1982, Erica Enders ta ci na Pro Stock sau shida. Antron Brown a 2012 ya zama baƙar fata na farko da ya ci babban kambun tseren motoci a Amurka, ya sake ci a 2015, 2016 da 2024. Agogo ba ya duba fuska, kuma wannan na cikin abin da ya sa bencin 'yan kallon ya fi na wasu gasannin motoci cakuɗuwa.

Abin da ke damuna shi ne filayen suna ƙarewa. Yawancinsu an gina su ne a bayan gari, sai gari ya biyo su, maƙwabta suka fara ƙorafin ƙara, farashin ƙasa ya tashi har ya fi abin da tikiti ke kawowa. Englishtown ya daina wannan tsere a 2018, aka mayar da wurin ma'ajiyar motocin gwanjo. Na Atlanta ya rufe a 2021, na Hustan ya karɓi gasar NHRA ta ƙarshe a 2022, Bandimere ya biyo a 2023. Manyan ƙungiyoyi ba su rasa inda za su ba, tirela ce za ta ƙara tafiya, ko da yake su ma tsadar riƙe mota ɗaya a shekara, miliyoyin daloli, ta sa wani lokaci ba a cika gurbi 16. Wanda ya yi asara shi ne saurayin da kan biya 'yan daloli a daren tsakiyar mako ya gwada motarsa a gaban agogo da motar asibiti. Babbar gasa sau ɗaya take zuwa gari a shekara, amma filin saboda irinsa yake buɗe sauran makonnin, kuma daga cikinsu makanikai da direbobin gobe ke fitowa. In fili mafi kusa ya koma tafiyar awa huɗu, ba daina tsere zai yi ba, titin unguwar masana'antu zai nema da tsakar dare.